Idan yaronka ya canza hali a Legas, ga yadda za ka yi

Akwai wani yaro a layinmu nan Agege, ɗan aji biyar a sakandare, shi ke riga kowa zuwa filin ƙwallo, kawai sai ya koma ɗaki ya rufe ƙofa, kwanon tuwo ya huce a bakin ƙofar ba a taɓa ba, dare kuma idonsa biyu har kiran asuba. Mamansa ta ce iska ce, kawunsa ya ce a tura shi gida Arewa a sa shi a mari. Wallahi maganar marin nan ita ta hana ni sukuni.

Abu na farko, ka lura kuma ka rubuta, ko a wayarka ne. Yaushe ya daina bacci, yaushe ya bar cin abinci, fushi ba dalili, faɗuwa a makaranta, fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, ko ka tsinci kwalbar kodin ko ƙwayar tiramol a aljihunsa. In abin ya wuce sati biyu to ba shagwaɓa ba ce. Hukumar lafiya ta duniya ta ce rabin matsalolin ƙwaƙwalwa kan fara ne kafin shekara 14 ko daidai nan, kaga ke nan ba ciwon manya kaɗai ba ne.

Sai ka zauna da shi ku biyu, ba gaban ƙannensa ba, ba kuma da bulala a hannu ba, ka ce "ɗana me ke damunka" ka yi shiru ka bar shi ya yi magana ko da zai ɗau lokaci. In ya ce ya gaji da duniya kar ka tsaya a "a'uzubillahi" ka tashi, tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta cusa masa ra'ayin. In ya ce eh, kwashe maganin ƙwari irin su Sniper da duk wani magani daga gidan, kar a bar shi shi kaɗai, a kai shi sashen gaggawa a ranar, ko a kira lambar gaggawa ta 112 ko 767.

Wajen zuwa kuma Legas ba ta rasa ba. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, wanda ake wa laƙabi Yaba Left, yana nan tun 1907, kuma yana da cibiyar yara da matasa a reshensa na Oshodi. Mutanenmu na Idi-Araba ga asibitin koyarwa na LUTH a bakin ƙofarsu, mu 'yan Agege asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja ya fi mana kusa. In fyaɗe aka yi wa yarinya ko yaro, cibiyar Mirabel tana cikin LASUTH ɗin kuma kyauta ce. Za ka iya farawa da ƙaramin asibitin unguwa su ba ka takardar turawa.

Ka yi sammako saboda layi da cunkoson hanya, ka riƙe abin da ka rubuta, in Turanci na ba ku wahala ku tafi da mai fassara, amma wanda yaron ya yarda da shi don akwai abin da ba zai faɗa gaban kowa ba. Addu'a da ruƙiyya a ci gaba da su, babu likitan da zai hana. Maganin damuwa kuma yakan ɗau makonni kafin a ga aikinsa, don Allah Hajiya kar ki ga ya fara dariya ki ce ya warke ki ajiye, ranar da aka rubuta a katin ku koma.