Kafin ku tashi daga Zariya da yaro mai saurin firgita

Kowace shekara akwai gidajen da ke tashi daga Samaru da Kongo da Shika zuwa Ingila: malamin jami'a da ya samu gurbin digiri na uku, ko ma'aikaciyar jinya da ta samu aiki a asibitin gwamnatin can. Tun daga Janairun 2024 an hana yawancin ɗaliban digiri na biyu tafiya da iyali, amma masu digirin bincike da likitoci da ma'aikatan jinya suna tafiya da yaransu har yanzu. Ana fama da biza, ana zaɓen rigunan sanyi a gwanjon Sabon Gari, ana ƙulla kuka da daddawa. Wanda ba a cika yi wa shiri ba shi ne yaron da zai sauka lafiya lau, bayan sati uku kuma halinsa ya juye.

Za ku ga wanda ya daɗe da barin fitsarin kwance ya koma yi. Wata za ta riƙa kukan ciwon ciki kullum da safe idan an ɗauko kayan makaranta, ranar Asabar kuwa garau. Wani zai tauna hannun rigarsa har ya jiƙe, wani ya toshe kunne a kanti ya zube ƙasa. A gida sai mu ce shagwaɓa ce, ko ƙiriniya, ko kuma a ce a nemi tsari. Addu'a kam ku ci gaba da tofa masa safe da yamma, ita kanta natsuwa ce ga yaron da ya saba jin muryar uwarsa a kansa. Amma ku tsaya ku lissafa abin da jikinsa ya rasa cikin kwana ɗaya.

Yaron Zariya yana wuni ne a tsakar gida da ƙofar gida. Yana ɗaukar bokiti, yana tura baro, ana aikensa shago sau biyar, yana hawa katanga, yana kokawa da 'yan uwa a kan yashi. Idan ya yi kuka akwai kaka, akwai gwaggo, akwai yayar da za ta saɓa shi a baya. A can kuwa ɗaki biyu ne a hawa na uku, da maƙwabci a ƙasa da ba ya son tsalle, kuma a watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma. Yawancin kayan kwantar da hankalin yara da za ku gani a kantunan can, da tsadarsu da launinsu, an ƙera su ne don su maye gurbin abin da gidan Zariya yake bayarwa kyauta. Wanda ya gane wannan ba zai zubar da kuɗinsa a kan tarkace ba.

Ku fara da aikin ƙarfi. Ƙwararrun asibiti da ake kira OT, masu lura da yadda yara ke sarrafa jikinsu, sukan ba da shawarar turawa da ja da ɗaukar abu mai ɗan nauyi, domin matsin da gaɓoɓi da tsoka ke ji yana sa yara da yawa su lafa. Wannan ba ya bukatar saye. A ba shi kwandon wanki ya tura daga ɗaki zuwa ɗaki, ya ɗauki ledar dankali daga kanti, ya kwaɓa fulawar fanke da hannunsa, ya goge tebur da ƙarfi. Bayan an tashi makaranta a biya filin wasa na unguwa ko da minti ashirin ne, ko da ana yayyafi. Iyaye sababbin zuwa suna tsoron sanyi fiye da kima, su kulle yara daga Nuwamba har Maris, alhali rigar ruwa da takalmin roba sun wadatar. A ganina kullen nan ya fi sanyin illa nesa ba kusa ba.

Sai bargo mai nauyi, wanda kowa zai ce ku saya. An cika shi da ƙananan duwatsun gilashi ko na roba don ya danne jiki, kuma wasu yara suna jin daɗinsa ƙwarai. Sai dai wani bincike da aka yi a Ingila aka wallafa a 2014, a kan yara masu lalurar otizim (lalurar da ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane), ya nuna bargon bai ƙara musu tsawon barci ba, duk da cewa yaran da iyayensu sun fi son sa. To, abin jin daɗi ne, kada a ɗauke shi magani. Kuma yana da haɗari: a ƙarshen 2022 an janye wani samfurinsa daga kasuwa a Amurka bayan yara biyu sun maƙale a cikin rigar bargon sun rasu. Ba a sa wa jariri ko ɗan ƙasa da shekara uku, ba a rufe kai da shi, nauyinsa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin yaron, kuma dole ya zama yaron zai iya yaye shi da kansa. Mai asma ko farfaɗiya, sai an tambayi likita. Ni dai zanin uwa na fi yarda da shi. Ku taho da zani biyu ko uku da aka sha ɗaurawa, waɗanda suka yi laushi suka riƙe ƙamshin gida. Ƙaramin yaro a goya shi a cikin ɗaki kamar yadda aka saba, babba kuma a lulluɓa masa a kafaɗa a rungume shi da ɗan ƙarfi, idan yana so. Idan ya ture, a ƙyale shi.

Batun ƙara yana ba mutane mamaki, don ana ganin wanda ya tashi kusa da janareto da hon ɗin 'yan acaɓa a Kwangila babu abin da zai razana shi. Amma waccan hayaniyar ya san ta. Wadda ke firgita shi ita ce mai zuwa ba zato a wuri rufaffe: na'urar busar da hannu a banɗakin kanti, ƙararrawar gobara da makarantu ke gwadawa, da tartsatsin wuta da ake harbawa dare bayan dare a kusa da 5 ga Nuwamba. Yaron da ya taɓa jin harbi a gida, wannan daren zai yi masa wuya, don haka a gaya masa tun da rana, a nuna masa ta taga cewa wasa ne. Akwai abin toshe kunne na yara mai kama da na masu aikin filin jirgi, ba shi da tsada, ya cancanci saye. A sa shi lokacin bukata kawai. Idan ya wuni da shi, kunnen zai ƙara zama mai saurin jin zafin ƙara.

Turaren wuta ma yana da nasa labarin. Ƙamshin da yaro ya sani yana kwantar masa da rai, amma kowane gidan haya yana da na'urar jin hayaƙi a silin, kuma kasko ɗaya ya isa ya tayar da ita. Kada ku cire mata batir. Ku sa humra kaɗan a matashinsa, ko ku shafa masa man kaɗanya bayan wanka kuna mammatsa ƙafafu da bayansa a hankali. Ɗumin hita yana busar da fata, ƙaiƙayi kuma yana hana yaro sukuni, ga rigunan ulu da tambarin wuyan riga da ɗinkin safa da ke sukar wanda ya saba da 'yar shara da silifa. Yanke tambarin, juya safar, sa masa auduga a ciki.

Don hannu da baki, carbi mai ƙwarin zare ya yi wa babban yaro abin da kayan murzawa na kanti za su yi. Mai tauna riga a ba shi karas ko tuffa ko dabino da aka cire wa ƙwallo, amma ban da gyaɗa ko aya guda-guda ga ɗan ƙasa da shekara biyar, saboda shaƙewa. Ku guji ƙananan maganaɗisu da 'yan ƙwallayen nan masu kumbura a ruwa da ake tallatawa a intanet. Idan yaro ya haɗiye su, maganar tiyata ce. Numfashi kuwa, ba a ce wa ɗan shekara huɗu "ja numfashi" ya gane. A ce masa ya yi kamar yana hura kunu mai zafi a tafin hannunsa, a hankali, sau biyar. Fitar da iska a tsawace ita ke rage bugun zuciya. A koya masa lokacin da yake cikin raha, don idan kuka ya riga ya ɓarke ba ya jin kowa. A ware masa lungu ɗaya da matashi da zaninsa, kuma kada a taɓa tura shi can da sunan horo, in ba haka ba ya tsani wurin.

A makaranta ku yi magana da wuri. Kowace makarantar gwamnati a Ingila tana da malami mai kula da yara masu bukata ta musamman, ana kiransa SENCO, kuma ba sai likita ya rubuta takarda za ku nemi ganinsa ba. Ku gaya wa malamar aji cewa a wurinmu yaro mai tarbiyya sunkuyar da kai yake yi idan babba na magana, domin su can rashin haɗa ido yana cikin abubuwan da suke lura da su a matsayin alamar matsala. Ku gaya mata kuma ko da ya yi makarantar Turanci a Samaru, harshen garin zai ɗauke shi lokaci kafin ya kama, kuma yin shiru na 'yan watanni abu ne sananne ga yaron da ya shiga sabon harshe. Kada ku daina yi masa Hausa a gida don wai ya yi saurin koyo. Kiran bidiyo da kaka a rana ɗaya tsayayya kowane mako ya fi kira goma na ba-zata, don mai fargaba abin da ya san zuwansa yake so.

Abu biyu ku bar su a Zariya. Na farko maganin mura mai sa barci da wasu ke ɗura wa yaro don a samu sararawa. Na biyu bulala. An haramta dukan yara gaba ɗaya a Sikotilan tun 2020 da Wales tun 2022, wato yankunan Birtaniya masu maƙwabtaka da Ingila, a Ingila ma duk dukan da ya bar tabo laifi ne, kuma malamai suna da hurumin kai rahoto. Ban da doka ma, yaron da tsoro ya riga ya cika shi, duka ƙara masa yake yi.

Ku yi wa kowa rajista da likitan unguwa, GP, a makon farko, kyauta ne. Ɗan ƙasa da shekara biyar yana da ma'aikaciyar lafiya mai ziyartar gida da za ku iya kira. Idan makonni suka ja yaro ba ya barci, ya rame, ya ƙi makaranta ƙememe, ko yana ji wa kansa ciwo, ku nemi ganin likita ba tare da jira ba, domin layin ƙwararrun lafiyar ƙwaƙwalwar yara yana da tsawo. Ganin GP kusan minti goma ne kacal, saboda haka ku je da takarda: yaushe abin yake tashi, me ya faru kafinsa, me kuka gwada, wanne ya yi aiki. Idan Turancin asibiti zai ba uwa wahala, ta ce tana son tafinta tun lokacin da ake ba ta rana.