Yadda za ka tsara lambu a sabon gida, daga gyaran ƙasa har zuwa dashe

Abin da ke kashe lambun sabon gida tun kafin ya tashi shi ne gaggawa. Mutum ya tare, ya ga fili fetal a tsakar gida, washegari sai ya kwaso fulawoyi da 'yan itatuwa a leda ya daddasa, bayan wata biyu duk sun yi rawaya sun bushe ya ce ai shi ba shi da hannun shuka. Ba hannu ba ne wallahi, ƙasar ce. Don haka ka fara da kallo tukuna.

Ka ɗauki kamar mako guda kana lura da rana, da safe ina take haskawa, da azahar ina inuwar katanga take faɗawa, da yamma kuma ina ne ya fi ɗaukar zafi. Kayan lambu irin su tumatir da tattasai suna son rana aƙalla awa 6 a yini, latas da sauran ganyayyaki kuma suna iya haƙuri da 'yar inuwa. In an yi ruwan sama ka fito ka ga inda ruwa yake kwanciya da inda yake zubowa daga rufin kwano, saboda wurin da ruwan rufi ke dukan ƙasa ba a sa ƙaramar shuka.

Sai ka samu takarda da biro ka zana filin, ba sai zanen ya yi kyau ba. Ka sa alamar inda fayif ɗin ruwa ya bi, da sokawe, da wayar lantarki ta sama da ta ƙasa, da hanyar mota da wurin shanya da inda yara za su yi wasa. In ba ka san inda aka binne fayif ba ka tambayi wanda ya yi aikin tun bai manta ba.

Toh yanzu maganar ƙasa, nan ne aikin yake. Filin da aka gama gini a kai ba ƙasar noma ba ce, tifa ta taka ta ta danne, an kwaɓa siminti a kanta, an binne gutsattsarin bulo da ƙusoshi da buhunan siminti da ledoji, wani lokacin ma ƙasar saman mai kyau an kwashe ta gaba ɗaya lokacin haƙa fandisho. Shi siminti yana sa ƙasa ta yi kanwa-kanwa, sai shuka ta kasa jan sinadarin ƙarfe, shi ya sa za ka ga sabon ganye yana fitowa rawaya alhali kana ba ta ruwa kullum. Ka sa diga da shebur ka haƙe kamar zurfin santimita 30, ka tsince duk tarkacen nan, inda aka yi kwaɓin siminti kuwa kar ka wahalar da kanka, kwashe ƙasar ka kawo wata.

Ka gwada yadda take shan ruwa: haƙa rami santimita 30, ka cika shi da ruwa ya tsotse, ka sake cikawa. In ka wayi gari ruwan yana nan to laka ta yi yawa ko ƙasar ta dannu, gara ka yi tudun kwami ka ɗaga shi sama. In kuma nan da nan ya shanye, yashi ne ya fi yawa. Maganin duka biyun ɗaya ne, taki wanda ya ruɓe sosai da ruɓaɓɓen ganye, ka zuba da yawa ka cakuɗa da ƙasar sama. Ɗanyen taki, musamman kashin kaji, ƙona saiwa yake yi, sai ya daɗe a tare ya ruɓe ya huce ya daina wari. Ka jiƙa wurin ka bar shi mako biyu, ciyawar da ta fito ka cire ta kafin ka sa komai.

Itatuwa ake fara dasawa, don su ne ke daɗewa kafin su girma kuma su ne ba a iya matsarwa daga baya. Babbar bishiya irin mangwaro kar ta kusanci gini ko sokawe, ka ba ta mita 6 ko fiye, in filin ƙarami ne ka haƙura da ita ka sa lemun tsami ko gwaiba ko gwanda. Ramin ya ninka faɗin ledar sau biyu amma zurfin daidai da ita, ka yage ledar a hankali kar ƙasar jikin saiwar ta warwatse, kuma kar ka binne gindin ya wuce inda yake tun asali, mutane da yawa nan suke kashe itace. Da yamma ake dashe, a ba shi ruwa ya ƙoshi nan take.

Kwamin kayan lambu kar faɗinsa ya wuce mita 1 da 'yan kai, yadda hannunka zai kai tsakiya ba ka taka ciki ba. Tumatir a reni irinsa mako 4 zuwa 6 sannan a dasa, tazarar santimita 50 tsakaninsu. Karas ba ya son dashe, a inda zai zauna ake yafa shi. Ƙananan iri kuma ba a binne su da zurfi, 'yar ƙasa kaɗan ake barbaɗawa a kai.

Kuma don Allah ka fara da kwami biyu kusa da famfo, wanda ya yi nisa da ruwa shi ake fara mantawa da shi. Ban ruwa da sassafe ko da yamma, a gindi ba a kan ganye ba, kuma gara ka ba shi sosai ya ratsa ƙasa da ka riƙa yayyafi sama-sama kullum. Ka rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa kaurin santimita 5 don ta riƙe danshi, amma ka bar ɗan fili zagaye da gindin kar ya ruɓe. Kafin ka ƙara ruwa ka tura yatsa cikin ƙasar, in ka ji da danshi ka bari sai gobe.