Kurakuran da Masu Sayen Tsofaffin Kujeru na Alfarma Suka Fi Yi

Kuskuren da ya fi cinye kuɗin jama'a shi ne ɗaukar salon kujera a matsayin shekarunta. Dillali ya ce "wannan Louis XV ce", sai mai saye ya ji kamar daga fadar sarkin Faransa aka sauko da ita. Sarki Louis XV na Faransa ya mutu tun 1774, amma har gobe ana sassaƙa kujeru masu lanƙwasassun ƙafafu da ruwan zinare irin na zamaninsa. Faransawa da kansu sun yi ta kwaikwayonsu a ƙarni na 19, birnin Dumyat na Masar kuma da wannan sana'ar ya yi suna. A wajen masu harkar, sai kujera ta cika shekara 100 ake sa ta a sahun kayan tarihi. Wadda ta haura 20 amma ba ta kai ɗari ba, tsohon yayi ce. Kujerar Dumyat mai shekara 50 da aikin hannu mai kyau abin saye ce, ni kaina ina sonta. Abin da ke ƙona rai shi ne a biya mata kuɗin ta ƙarni na 18.

Maganin wannan ba shi da tsada: ka kifa kujerar. Yawancin mutane fuska suke kallo, su shafa yadi, su yaba ƙyalli, su tafi ciniki. Ka roƙi mai kaya ya ɗaga gefen baƙin ƙyallen da aka rufe ƙasanta da shi, ka haska tocila. Kafintocin wancan zamani ba sa ɓata lokaci wajen gyara inda ido ba ya kaiwa, don haka za ka tarar da sawun zarton hannu, ba daidai ba, katakon kuma ya yi duhu da kansa saboda daɗewa. Sawun da ya fito lanƙwashe reras na zarton inji ne, wanda bai yaɗu ba sai cikin ƙarni na 19. Dubi bakin katakon da ake buga yadi: kujerar da ta sha sauyin yadi sau uku ko huɗu za ka ga ramukan tsofaffin ƙusoshi layi bisa layi, wasu da tsatsa a bakinsu. Idan layi ɗaya ne tak na ƙusar bindiga a kan farin katako, ga soso a ciki, to ba ta girmi tsakiyar ƙarni na 20 ba. Sukurun da kansa ke da alamar tarawa a shekarun 1930 ya shigo. Idan a wurin faci ka gan shi, gyara ne aka yi daga baya. Idan shi ne ya haɗa ƙafa da gangar jiki tun asali, magana ta ƙare. Sifirin na ƙarfe da ke cikin mazaunin kujera ma yana ruɗa mutane. A 1828 aka yi masa rajista a Ingila, saboda haka ganinsa a kujerar da ta girmi wannan shekarar yana nufin an sake mata ciki, ba lallai jabu ce ba, amma farashi ya kamata ya sauka.

Wasu kuma da zarar sun ga hatimi sai su daina bincike. Gaskiya ne daga tsakiyar ƙarni na 18 zuwa 1791 ƙungiyar kafintocin Paris ta wajabta wa kowane gwani ya buga sunansa a jikin aikinsa, shi ya sa ake samun sunaye irin su Georges Jacob da Louis Delanois a ƙarƙashin kujeru. Sai dai hatimi ya fi kujera sauƙin ƙirƙira. Fadar Versailles ta Faransa da kanta, wadda yanzu gidan tarihi ce, da duk ƙwararrunta, ta sayi kujerun bogi da maƙudan kuɗi. Asiri ya tonu a 2016, a 2025 kuma kotu ta sami masanin kujeru Bill Pallot da masassaƙi Bruno Desnoues da laifi. Don haka a haɗa hatimi da shaidar katako, da rubutaccen rasit mai faɗin shekaru da gyare-gyaren da aka yi. Mai kayan da ya ƙi rubuta abin da ya faɗa da baki, ka bar masa kayansa.

Ƙananan ramukan ƙwaro ba hujjar tsufa ba ne, don ana huda su da gangan. Abin tsoro shi ne mai rai. Shimfiɗa baƙar leda a ƙasa, ka bubbuga ƙafafun. Idan farin gari ya zubo, ƙwaron na nan, kuma zai bi sauran katakon gida. A sa magani tun kafin ta shiga falo.

Sai adon. Sassaƙar hannu ba ta taɓa fitowa iri ɗaya. Furen dama zai ɗan bambanta da na hagu, kana ganin sawun kurfi a lungunansa. Idan furanni shida sun fito kamar an tsaga kara, da ƙananan ƙofofin iska a jikinsu, zubin roba ne aka manna. Zinaren gaske kuma ganye ne siriri da ake ɗorawa a kan farin alli da jar laka, shi ya sa inda hannu ya goge za ka ga ja-ja yana leƙowa. Wannan gogewar ita ce darajar kujerar. A nan ne ake yin ɓarnar da ta fi ba ni takaici: mutum ya sayi abu na ƙwarai, ya ga ya dushe, ya kai wa mai fenti, a kankare da samfefa, a fesa fentin gwal. Abin da ya yi shekara 150 yana taruwa ya tafi a yini guda, ba kuma ya dawowa. Busasshen buroshi mai laushi ya isa wurin zinare, kada ruwa ya taɓa shi. Katako zalla kuma ɗan kakin zuma. Idan gaɓa ta saki, a nemi wanda zai buɗe ta ya sa gam irin na fata, wanda ake iya narkarwa a sake gyara nan gaba. Kada a bari a danna mata ƙusa.

Kujerar da ta tashi a Turai ba ta san hunturun Kano ko Damagaram ba. Iska na bushewa, katako ya tsuke, allin da ke ƙarƙashin zinare ya tsattsage, damina ta zo ya sake kumbura. A nisanta ta daga taga mai rana da bakin na'urar sanyaya ɗaki, a kuma riƙa duba bayanta saboda gara. Kafin biya, ka zauna a kai na ɗan lokaci, ka kama hannuwanta ka girgiza a hankali. Wasu kujerun zamanin Sarauniya Victoria ta Ingila gajeru ne ƙwarai, dattijo zai sha wuyar tashi, wasu kuma ba za su jure falon da yara ke hawa da sauka ba.

Mai shigo da kaya daga waje ya tambayi irin katakon da abin da aka yi ado da shi. Yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, ta hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989, kuma daga 2017 nau'o'in katakon rosewood, har da madobiyarmu, sai da takarda suke ƙetare iyaka. Tsofaffin kujerun gida, irin na Nupawan Bida masu ƙafafu da yawa da ake sassaƙawa daga kututture ɗaya, su ma suna da doka: a Najeriya, aikin hannun gargajiya da aka yi kafin 1918 kayan tarihi ne a ƙarƙashin dokar 1979, saye da sayar da shi sai ta hannun wanda hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta amince da shi, fitar da shi waje kuma sai da izininta.