In lekol ta ƙi karɓar ɗanka mai naƙasa, ga hanyar da za ka bi

Wata maƙwabciyata nan Garwa ta kai ɗanta kurma lekol ɗin gwamnati, direkta yace ba su da malamin da zai iya da shi, wai kuma shekarunsa sun wuce. Ta dawo tana kuka, maigidan ya je ya yi ta faɗa a bakin ofis, ba abinda ya canza sai ma gaba da ta shiga. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Ku sani dai akwai doka a Kamaru, lamba 2010/002 ta ranar 13 ga Afrilu 2010, ta ba yaro mai naƙasa sassaucin shekaru wajen shiga makaranta, da rage ko yafe kuɗin karatu in iyayen ba su da hali. Amma fa in ba katin naƙasa a hannu da wuya a saurare ka, to ka fara da ofishin sosiyal na yankinku, za a nemi takardar likita a haɗa dosiye. Abin na cin lokaci, kar ka bari sai Satumba ta ƙarato.

Sai ka koma wurin direkta, kar ka je kai kaɗai, ɗauki wanda ke jin Faransanci sosai ko wani dattijo daga APEE, wato ƙungiyar iyayen yara da malamai ta lekol ɗin, in ma'aikaciyar sosiyal ta yarda ta raka ka ya fi. A gaisa da mutunci, ranka ya daɗe, sannan ka faɗi takamaiman abinda kake nema, bencin gaba, ko ajin da keken guragu zai iya shiga, ko ƙarin lokaci a jarrabawa. In kace a taimaka kawai to kowa zai ce insha Allah a watse.

Abinda na fi so ku riƙe shine rubutu. Wasiƙa kofi biyu, a buga hatimi da kwanan wata a kan taka ka adana ta, shi ake cewa desharj. Maganar baki gobe wani zai ce bai ji ba, ko a yi masa canjin wurin aiki ka dawo farko.

In shiru, kai kofin wurin insifekta na arondisman, daga nan delege, wato wakilin ministan ilimi, na departeman, sai na rejiyon, kar ka tsallake mataki don za a maido ka ƙasa ne. In lise ce, provizer, wato shugaban lise ɗin, za ka fara gani sannan delege na sakandare. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ma na karɓar ƙorafi. Kotun administratif, wadda ake kai ƙarar hukumomin gwamnati, tana nan amma sai ka fara rubuta wa hukuma roƙon ta sake duba shawararta, in wata 3 suka wuce ba amsa doka ta ɗauka an ƙi, lokacin ne ake neman lauya.

Maƙwabciyata a wurin insifekta maganarta ta ƙare, yaron na bencin gaba yanzu. Malamin da ya iya maganar hannu ne har yau babu, wasiƙar da muke rubutawa kenan wannan satin.