Yadda mai hidima da yawa za ta riƙe karatun Littafi Mai Tsarki kullum

'Yan'uwana mata, musamman na zumunta, da ku nake, ko da yake maza ma za su samu abin ɗauka. Ni tela ce a Tumfure, nan cikin Gombe, ina da maigida da yara 'yan makaranta, kuma na san yadda yini yake ƙarewa mutum bai zauna ba. Sau da yawa bayan sujada wata takan ce mini, "Mama, ina so in riƙa karatu, amma lokaci ne babu." Na yarda da ita. Sai dai lokacin da take jira, na hutu da kwanciyar hankali, ba zai zo ba sai yara sun girma, kuma ranta yana bukatar Maganar Allah tun yau.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne na ɗaura karatun a jikin aikin da dole in yi shi kowace rana. Kiran sallar asuba daga masallacin unguwarmu ne ke tashe ni. Na tashi in ɗora ruwan wankan yara a wuta, kafin ya yi zafi ina da kamar kwata ɗaya wanda babu mai kiran sunana. Littafina yana ajiye kusa da madafa, cikin leda saboda ƙura, tare da tocila don in an ɗauke wuta. Ajiye shi a inda za ki karanta yana da muhimmanci ƙwarai, domin in sai kin shiga ɗaki kin buɗe akwati, wani yaro zai farka, shi ke nan an gama. A Markus 1:35 an ce Yesu ya tashi tun da sauran duhu ya tafi wurin da ba kowa ya yi addu'a. Ki duba ayoyin da ke sama da ita, za ki ga a daren jiyan gari ne guda ya taru a ƙofar gidan, yana ta warkar da marasa lafiya. Shi ma a gajiye ya kwanta. Wannan yana ƙarfafa ni fiye da yadda zan iya faɗa.

Ba kowa asuba za ta yi wa ba. Mai aikin dare a asibiti ta zaɓi lokacin da ta dawo ta yi wanka. Mai rumfa a kasuwa tana da tsakar rana, sa'ad da zafi ya kori masu saye. Dare ne kawai ba na ba da shawara a kansa, don barci ya fi mu ƙarfi, musamman a zafin Maris da Afrilu.

Sai kuma inda za a fara. Mutane da yawa sukan ɗaura niyya ranar 1 ga Janairu cewa za su sauke Littafin duka a shekara. Niyya ce mai kyau, amma a yi lissafi. Littattafai 66 ne, surori 1,189, wato sura uku zuwa huɗu kowace rana ba fashi. Farawa tana da sura 50, Fitowa 40, yawancinsu labarai ne masu jan hankali. Kafin Fabrairu ya kama sai a iso Littafin Firistoci, dokokin hadayu da na tsarkakewa, a nan ne yawanci ake ajiyewa, kuma kunya ta hana a sake ɗauka. Shawarata ga mai hidima ita ce ta fara da Markus. Sura 16 ce kacal, labarin yana tafiya da sauri, kuma Yesu ne a gabanki daga farko har ƙarshe. In kin gama ki ci gaba da Sabon Alkawari. Surorinsa 260 ne, don haka sura ɗaya a rana, Litinin zuwa Juma'a, za ta kai ki ƙarshensa a mako 52 daidai. Asabar ta wanki da cike gurbi ce, Lahadi kuwa akwai wa'azi. Tsohon Alkawari yana nan yana jiranki a shekara ta gaba, lokacin da ƙafarki ta riga ta saba da hanya.

Ki bi littafi ɗaya a jere. Ba na son al'adar nan ta buɗe Littafi ko'ina a ɗora yatsa a ce wannan ne saƙon Allah na yau. Wasiƙun Bulus wasiƙu ne na gaske da aka rubuta wa ikilisiyoyi da wasu mutane, ba a fara karanta wasiƙa daga tsakiya.

Yadda za a karanta kuwa, ki ɗan ɗaga murya, ko da raɗa ce. Ido kaɗai yana zamewa a kan takarda yayin da zuciya take can wajen cefane. Da kin ji muryarki hankali yakan dawo. Bayan nan ki tambayi kanki abu biyu: me wannan wuri ya nuna mini game da Allah, kuma me zan yi da shi yau a shago ko a gida? Sai ki zaɓi aya guda ki rubuta a guntun takarda. Ni nakan maƙala tawa da allura a jikin labulen da ke gaban kekena, ina ɗinki ina kallonta. Ranar da na karanta Yakubu 1:19, inda aka ce mu yi saurin ji, mu yi jinkirin magana da jinkirin fushi, ita ce ta riƙe mini baki da wata ta zo tana faɗa a kan kayan da ranar karɓarsu ba ta yi ba tukuna. Bimbinin mai aiki ke nan, ana yi hannu yana motsi. Ki rufe da gajeriyar addu'a da kalmomin ayar da kanta.

Ki yi amfani da fassarar da kike ganewa. Iyayenmu a Kaltungo da Billiri sun tashi da Littafin Hausa na 1932, wasu ayoyin ma da shi suka haddace, kuma ina girmama shi. Amma in Hausarsa ta yi miki nauyi, akwai fassarorin da aka yi daga baya masu sauƙi.

Waya tana da amfani da kuma haɗari. In za ki karanta a cikinta, ki kashe data tukuna, in ba haka ba WhatsApp zai cinye kwatan nan. Inda ta fi taimako shi ne Littafin da ake saurara. A Disamba, da kuma gab da Sallah, mu teloli har kwana muke a shago, ido ba ya iya karatu. Sai in sa abin ji a kunne ɗaya. Luka yana da sura 24, in aka fara ranar 1 ga Disamba za a gama a jajiberin Kirsimeti. Haka ma mai doguwar tafiya a mota, daga Gombe zuwa Bauchi ko Yola, tana iya sauraron surori da dama kafin a isa.

Ranar da aka yi fashi, don za a yi, yaro zai kwana da zazzaɓi ko baƙi su sauka, kada ki tara bashi ki ce sai kin biya sura biyar a zama ɗaya. Ki ɗora daga inda kika tsaya. In ranar ta yi tsanani sosai, ki buɗe Karin Magana a surar da ta yi daidai da kwanan wata, tun da 31 ce, ko ki karanta Zabura ta 121, aya takwas ce.

Wuraren da ba ki gane ba kuma, ki sa musu alama da fensir ki wuce. Mutumin Habasha da ke Ayyukan Manzanni 8, babban ma'aji ne na sarauniya, yana karanta Ishaya a cikin karusarsa, bai ji kunyar gaya wa Filibus cewa ba zai gane ba sai wani ya bayyana masa. Ki tara tambayoyinki a bayan takarda, ki kai su taron zumuntar mata ko nazarin tsakiyar mako, ko ki tsayar da fasto bayan sujada ki ce, "Baba, ga inda ya shige mini duhu." In akwai wata 'yar'uwa kusa da gidanki, ku yarda a kan littafi ɗaya ku fara rana ɗaya, kowace ta riƙa tambayar 'yar'uwarta surar da ta kai.