Sandar giya ta yi sako-sako a tsohuwar mota mai atomatik: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara su

Duk wanda ya saba zama a tashar Kwangila da ke Zariya, inda Siyena da Sharon ke lodin Kaduna da Kano da Abuja, ya sha ganin direban da ke lalube da sandar giya kafin motarsa ta yarda ta motsa, ya ja ta ƙasa, ya mayar sama, ya ɗan girgiza ta, sannan a ji giya ta shiga. Yawancin motocin nan sun haura shekara ashirin, sun yi rayuwa guda a ƙasashen waje kafin su zo su fara wata a kan titunanmu, saboda haka ba abin mamaki ba ne sandar ta saki. Abin da ke damuna shi ne yadda ƙaramar matsala irin wannan ke cinye kuɗin mutane, wani lokaci har ta jawo haɗari, don kawai an fara nemanta a inda ba ta.

Kuskure mafi tsada shi ne yanke hukunci cewa giyabos ne ya lalace. Direba ya shigo gareji ya ce, “Oga, giyata ta mutu,” kafin a buɗe bonet har an fara maganar sauke giyabos da tafiya Fanteka a Kaduna ko Kofar Ruwa a Kano neman wani. Alhali sandar da ke hannun direba ba a cikin giyabos take ba. Tsakaninta da shi akwai kebul, wato wayar ƙarfe da ke gudana cikin kube, kuma kowane bakin kebul ɗin yana maƙale ne da ɗan bushin na roba ko na filastik wanda bai fi kan yatsa girma ba. Zafin injin, da zafin bazara na Maris da Afrilu, da ƙurar hunturu, da man da ke ɗiga a kansa, su suke busar da bushin ɗin har ya tsage ya zube. Da zarar ya zube, bakin kebul zai riƙa wasa a kan hannun giyabos, ko ya fice gaba ɗaya, sai sanda ta zama kamar muciya a tukunyar da babu tuwo. Giyabos kuwa lafiyarsa ƙalau.

Hanyar rabe wannan da wancan ba ta buƙatar kwamfuta. A tsayar da mota a wuri mai daidai, a ja hambirki, a sa waigi gaba da bayan taya, a kashe injin amma a bar makulli a buɗe don sandar ta iya motsi. Mutum ɗaya ya zauna ya taka birki yana sauya sandar a hankali daga P (fakin) zuwa R (ribas), zuwa N (firi), zuwa D (tafiya gaba), wani kuma ya tsaya yana kallon ɗan hannun ƙarfen da ke jikin giyabos, inda kebul ya ƙare. A motoci da dama sai an cire akwatin matatar iska kafin a gan shi sosai. In sanda tana tafiya hannun bai motsa ba, ko yana bin ta a makare, laifin yana kan kebul ko bushin ko abin da ke riƙe da su. Sai a zare bakin kebul, a juya hannun da hannu. In ana jin yana faɗawa mataki bayan mataki da ƙarfi, kowane da ƙararsa, to giyabos ba shi da abin cewa a wannan magana. In kuwa hannun da kansa yana juyawa babu mataki, a fara duba notin da ya ɗaure shi, domin shi ma yakan kwance. Sai bayan wannan ne ya halatta a fara zargin abin da ke ciki.

Wasu kuma suna duba ƙarshen da ke wajen injin, su ga lafiya, su tsaya nan. Kebul baki biyu gare shi. A Siyena ta 1998 zuwa 2003 sandar tana jikin sitiyari ne, ta 2004 zuwa 2010 kuma an mayar da ita gaban mota kusa da rediyo, kuma a kowane tsari akwai mahaɗa a ɓoye ƙarƙashin murfin filastik. A manyan motocin Ford ƙirar Amurka masu sanda a sitiyari, sanannen abu ne cewa wasu ƙananan kusoshi biyu masu kan tauraro, a ƙasan bututun sandar, sukan kwance da kansu saboda jijjiga, kuma ɗaure su kaɗai yakan mayar da sandar yadda take. Wanda zai ɗaure su ya shafa musu gam ɗin da ke hana noti kwancewa, in ba haka ba ramukan damina za su sake warware su. Kafin a sa hannu ƙarƙashin sitiyari a cire kan batir a ɗan jira, kuma kada a taɓa wayoyi masu rawayar riga, domin na jakar iska ne. A duba har da kilif ɗin da ke riƙe kuben kebul a mazauninsa, saboda in ya fita, kuben ne zai riƙa tafiya maimakon wayar da ke cikinsa.

Akwai kuskuren da na fi jin tsoro, shi ne yarda da harafin da allon mota ya nuna, ko wurin da sanda ta tsaya. Sanda tana iya zama a kan P alhali giyabos yana R ko N, ko yana rataye tsakani. P ba birki ba ne. Ɗan haƙorin ƙarfe ne da ke shiga wani gurbi ya kulle giyabos, kuma in kebul bai tura hannun har ƙarshe ba, haƙorin ba zai shiga ba. Na taɓa ganin mota ta gangara da kanta a wani layi a Tudun Wada, mai ita ya shiga shago yana da yaƙinin ya sa fakin, Allah ya kiyaye bango ta samu ba yara ba. Muddin sanda tana wasa, kada a fita daga mota ba a ja hambirki ba, kada a bar injin a kunne a fita, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashinta ba waigi. Tuƙi da giya mai rataye tsakanin N da D ma ɓarna ce ta daban, domin man giya ba ya samun cikakkiyar hanya, kulocin ciki suna zamewa suna ƙonewa, sai matsalar ɗan bushin ta haifi ainihin lalacewar da aka ji tsoro tun farko.

Ɗaure bakin kebul da waya ko robar tayar keke dabara ce ta kan hanya, kuma ban ga laifin wanda ya yi ta don ya iso gida daga Jaji ko Giwa ba. Laifin shi ne a bar ta ta zama gyara. Haka nan sayen kebul na gwanjo ba tare da duba bushinsa ba, domin robar da ke jikinsa sa'ar wadda ta mutu ce. A nemi sabon bushin daidai da ƙirar motar da shekararta, a tafi da tsohon ko da kebul ɗin wajen masu kayan gyara a Sabon Gari a gwada. In wayar ta fara warwarewa, ko kuben ya narke saboda ya jingina da salansa, sai dai sabon kebul, kuma a bi da shi ta hanyar da kamfani ya bi da na asali, ba tare da lanƙwasa mai tsanani ba.

Wani lokaci direba ne da kansa ya karya abin. Sanda ta ƙi fita daga P, sai ya sa ƙarfi. Yawancin motocin atomatik suna da makullin da ba ya sakin sanda sai an taka birki, kuma saƙon yana zuwa ne daga ɗan makunnin fitilar birki da ke saman feda. Saboda haka in sanda ta maƙale, a sa wani ya duba ko fitilun birki na kamawa. In ba sa kamawa, aikin mai wayarin ne, fiyus ko makunni. A kan gangara kuma, wanda ya sa P kafin ya ja hambirki ya ɗora nauyin motar duka, da fasinja da kaya, a kan haƙorin nan, kuma fizgar da zai yi don ya fitar da sandar ita ce ke miƙar da kebul tana fasa bushin. Tsarin da ya dace shi ne a taka birki, a ja hambirki, a bar motar ta zauna a kansa, sannan a sa P. Sauya D zuwa R mota ba ta gama tsayawa ba, kamar yadda ake yi wajen juyi a cunkoson PZ, shi ma yana cin giyabos a hankali.

Daga ƙarshe akwai gyaran da ake bari rabi, wato a sa sabon kebul a rufe bonet ba a yi saiti ba. A yawancin motocin Toyota ana sassauta notin da ke kan hannun giyabos, a tura hannun har ƙarshe wajen P, a dawo da shi mataki biyu zuwa N, a sa sandar ciki ma a N, sannan a ɗaure. Makunnin da ke gaya wa mota wace giya take ciki yana kan wannan hannun ne, shi ya sa motar da saitinta ya kauce takan ƙi tashi a P amma ta tashi a N, har a je ana canza kik da batir a banza. Kafin mai mota ya biya bakanike, ya zauna ya taka birki ya gwada da kansa: injin ya tashi a P da N kaɗai, ya ƙi tashi a R da D, fitilar ribas ta kama a R kaɗai, harafin allo ya dace da inda sanda take, kuma a ɗan gangara, in an sa P an saki birki a hankali, motar ta ɗan motsa kaɗan ta tsaya cak.