Yadda Malami Zai Duba Takardun Jarrabawa Ba Tare da Kansa Ya Ɗaure Ba

Malami mai takardu 60, kowacce da tambayoyi 5, idan ya bi ɗalibi bayan ɗalibi, zai sauya ma'aunin maki kusan sau 300. Idan kuwa ya bi tambaya bayan tambaya, sau 4 kacal zai sauya. Aikin ɗaya ne, amma gajiyar ba ɗaya ba ce.

Dalili shi ne, duk lokacin da mutum ya bar aiki mai ƙa'ida guda ya koma wani, sai ƙwaƙwalwa ta ajiye tsohuwar ƙa'ida ta ɗauko sabuwa, kuma a nan jinkiri da kuskure ke shigowa. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Arthur Jersild, ya auna wannan tun 1927. A 1995 wasu masanan, Rogers da Monsell, suka nuna cewa ko an ba mutum lokacin shiri, jinkirin raguwa yake yi, ba ya gushewa.

Da farko, rubuta amsar kowace tambaya da rabon makinta a takarda ɗaya, ka ajiye a gabanka. Abin da ido ke gani, ba sai kai ya riƙe ba.

Sannan ka duba tambaya ta 1 a dukkan takardun kafin ka taɓa ta 2. Bayan kowace tambaya, gauraya tarin, don kada ɗalibi guda ya riƙa faɗowa a ƙarshe kullum lokacin da ka gaji.

Kada ka tara jimla ko ka shigar da maki a rajista kana tsakar dubawa. Nan ne mafi yawa ke ɓata tsarin, don suna ganin ƙaramin abu ne. Ai lissafi daban, auna amsa daban. Bar shi sai ƙarshe, ka yi shi a zama ɗaya.

Waya kuma, a kai ta wani ɗaki.

In tashi ya kama, ko don salla ko don baƙo, yi ƙoƙari ka tsaya a ƙarshen tambaya. Wata mai bincike, Sophie Leroy, ta nuna a 2009 cewa aikin da aka bari a tsakiya yana riƙe wani sashe na hankali ko an koma wani. In ba hali, rubuta layi ɗaya: takarda ta nawa ka tsaya, kuma maki nawa kake ba rabin amsa. Da ka dawo, sake karanta takardu biyu na ƙarshe kafin ka ci gaba, don hannunka ya koma kan ma'aunin da ka fara da shi.